Kada Mu Kare Gaskiya Da Gurguwar Hujja



 Yau zan ɗan kauce wa abin da muka saba, zan shiga maganar kimiyya, kuma dalili ne ya kawo ta.

Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, ina zaune a makarantarmu ta Islamiyya ina duba takardun jarrabawa, sai wani tsohon ɗalibina ya yi sallama. A hannuna ya karanta Ahalari da Arba'una, yanzu kuwa yana shekara ta biyu a jami'a, yana nazarin kimiyyar sinadaran jikin masu rai. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, na sha kunya a aji." Ashe malaminsu ne yake bayanin yadda hanyoyin sarrafa abinci a cikin ƙwayar halitta suka riƙa sauyawa a tsawon zamani, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce wannan ba zai yiwu ba, domin doka ta biyu ta ilimin zafi da makamashi ta rushe shi. Malamin bai yi fushi ba. Ya ɗauki alli ya rubuta lissafi layi ɗaya a allo, cikin 'yan mintoci ya nuna masa inda ya kuskure. Sai yaron ya dube ni ya ce, "Malam, ba kunyar ce ta dame ni ba. Idan wannan hujjar ba gaskiya ba ce, to sauran abubuwan da aka faɗa mana fa?"

Na yi shiru, domin ni ne na koya masa wannan hujja, shekaru da suka wuce, kuma ni ma ɗaukar ta na yi a littafi ban tantance ba. Na koma na yi karatu, na tambayi waɗanda suka sani, ga kuma abin da na fahimta. Ra'ayina a taƙaice shi ne: hujjar nan gurguwa ce, ya kamata matasanmu su ajiye ta, kuma ajiye ta ba ya rage wa imani komai.

Hujjar da asalinta

Ga yadda ake faɗin ta. Wai doka ta biyu ta ce komai a duniya yana tafiya ne daga tsari zuwa wargajewa: gida yana rushewa, ƙarfe yana tsatsa, gawa tana ruɓewa. Tun da haka ne, wai babu yadda abu mai sauƙi zai zama abu mai sarƙaƙiya ta hanyar sababai na ɗabi'a. Wannan magana ba a littattafan malamanmu na tauhidi ta samo asali ba. Wasu Kiristoci ne a Amurka, musamman Henry Morris, suka yayata ta a shekarun 1960 da 1970, daga baya ta shigo hannunmu ta littattafan da aka fassaro daga Turkiyya masu ɗauke da sunan Harun Yahya, waɗanda da yawanmu muka karanta a shekarun 2000.

To, me dokar ta ce a haƙiƙa? A shekarar 1865 wani Bajamushe mai suna Rudolf Clausius ya raɗa wa wani ma'auni suna entirofi, wato ma'aunin yadda makamashi yake watsuwa. Dokar ta ce entirofi ba ya raguwa a cikin abin da aka killace shi ɗungurungum, wanda zafi ba ya shiga ba ya fita, kuma wani abu ba ya shiga ba ya fita. Wannan sharaɗi shi ne ake haɗiyewa idan ana kawo hujjar. Idan abu yana musayar zafi da kewayensa, entirofinsa yana iya raguwa, muddin na kewayen ya ƙaru fiye da abin da ya ragu. Dubi ƙanƙara. Ruwa ne da ƙwayoyinsa suke kai da komo barkatai, amma da zarar sanyi ya kai, sai su jeru cikin tsari mai kyau ba tare da kowa ya jera su ba, saboda zafin da ruwan ya saki ya watsu a iska. Da hujjar can gaskiya ce, da ƙanƙara ba ta zuba da damina ba, da ƙwayar kuka ba ta zama bishiya ba, da ɗigon maniyyi bai zama jariri ba.

Sakakken makamashi

Lissafin da malamin ya rubuta a allo ya samo asali ne daga aikin Josiah Willard Gibbs, malami a jami'ar Yale ta Amurka, wanda ya wallafa shi tsakanin 1875 da 1878. A 1882 kuma Hermann von Helmholtz ya kawo sunan da ake fassarawa da sakakken makamashi, Larabawa su ce aɗ-ɗaƙatul hurra. Ma'anarsa shi ne kason makamashin da yake a sake, wanda za a iya mora a yi aiki da shi. A yau ana rubuta lissafin kamar haka:

ΔG = ΔH − TΔS

Kada haruffan su tsorata ka, ya ɗan'uwa. ΔH shi ne zafin da sauyin sinadarai ya sha ko ya saki, T shi ne matsayin zafin wurin, ΔS shi ne sauyin entirofi, ΔG kuwa shi ne sakamako. Idan ΔG ya faɗi ƙasa da sifili, sauyin yana iya faruwa da kansa, kamar ruwa a gangare. Idan ya haura sifili, sauyin hawan tudu ne, ba zai faru ba sai an tura shi. Wato wannan lissafi ita ce doka ta biyun kanta, an rubuta ta yadda za ta yi aiki a kan abin da yake musayar zafi da kewayensa, kamar jikina da naka.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na farko, ΔG ba ya faɗa maka saurin abu. Gram 180 na sukarin gulukos, wanda shi ne mudu ɗaya a awon masana sinadarai da suke kira mol, idan ya haɗu da iskar oksijin ya ƙone zai saki kimanin kilojul 2,870. Gangare ne mai tsananin zurfi. Amma sukari yana shekara a gwangwani, iska na kewaye da shi, bai kama da wuta ba, kamar yadda itacen girki yake jiran ashana. Akwai ɗan shinge da sai an tsallake shi, kuma aikin sinadaran da ake kira enzayim a jiki shi ne rage tsawon wannan shinge. Enzayim ba ya mayar da tudu gangare, hanya kawai yake sharewa. Na biyu, ΔG ba tsayayyen adadi ba ne, yana sauyawa da yawan kayan da ke wurin. Idan kayan farko suka yi yawa, kuma ana kwashe abin da ake samarwa, sauyin da a da tudu ne yana iya komawa gangare. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda rai yake hawa tudu

Gina furotin, gina sukari, motsa tsoka, duk hawan tudu ne. Yaya jiki yake yi? Ka ɗauki rijiya mai ƙarfen juyi a samanta, igiya ɗaya, guga a kowane gefe. Guga cike da ruwa ba ya hawowa da kansa, amma idan aka ɗaura abin da ya fi shi nauyi a ɗaya gefen, saukar wancan ita ce hawan wannan. Babu dokar da aka karya, domin jimillar nauyin ƙasa ta yi.

Abu mai nauyin nan a jiki shi ne sinadarin ATP, wanda aka gano a 1929, kuma Fritz Lipmann ya fito da matsayinsa sarai a 1941. Misali shi ne matakin farko na sarrafa gulukos. Liƙa masa fosfet yana bukatar kusan kilojul 14 a kowane mol, tudu ke nan. Ɓalle fosfet daga ATP kuwa yana sakin kilojul 30 da rabi a ma'aunin ɗakin gwaji. Enzayim ɗaya ya ɗaure su biyun wuri guda, sai jimilla ta zama gangaren kusan kilojul 17, abu ya tafi. Baligi yana sarrafa ATP kwatankwacin nauyin jikinsa a kowace rana, ba don yana da shi da yawa haka ba, sai don ana ta sake cika shi ne ana amfani da shi, daga abincin da ya ci.

Abincin kuwa daga tsiro yake, tsiro daga rana. Fuskar rana tana da zafin kimanin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, duniya tana karɓar haskenta, sannan ta mayar da kusan adadin makamashin nan sararin samaniya a matsayin ɗumi mai rauni. A madadin kowace ƙwayar haske ɗaya da ta shigo, kimanin 20 ne masu rauni suke fita. Wannan watsuwa mai girma ita take biyan kuɗin duk wani tsari da ke doron ƙasa, daga gero a gona har zuwa ƙwaƙwalwar mai karanta wannan rubutu.

Na san abin da wani zai ce: zafin rana shi kaɗai ba ya gina komai, busar da gawa ma yake yi, dole sai da na'urar da za ta kama shi. Wannan gaskiya ne, kuma tambaya ce mai nauyi. Amma a lura, wanda ya faɗi haka ya riga ya bar doka ta biyu, ya koma tambayar daga ina na'urar ta fito. Sai mu bi shi can, mu ga abin da aka sani da inda sani ya tsaya.

Tafarkun sinadarai da tarihinsu

Ƙwayar halitta ba ta ƙone sukari a tashi ɗaya, da ta ƙone kanta. Tana saukowa ne mataki-mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, wannan jerin shi nake kira tafarki. Tafarkin farko na fasa gulukos mataki 10 ne, ribarsa ATP 2, kuma ba ya bukatar oksijin. Da shi bakteriya suke mayar da madara kindirmo, da shi yis yake kumbura ƙullin burodi, da shi tsokarka take aiki idan ka zura da gudu. Idan akwai oksijin, sai abin da ya rage ya shiga zagayen da Hans Krebs ya bayyana a Ingila a 1937, ribar gaba ɗaya ta kai ATP 30 ko sama da haka kaɗan.

Mai azumi yana da darasi a nan. Idan yunwa ta yi nisa, hanta tana ƙera sabon gulukos don ƙwaƙwalwa, wato tana bin tafarkin can a juye. Matakai 7 daga cikin 10 kusan a shimfiɗe suke, don haka enzayim ɗin da ya sauko da kai shi zai mayar da kai. Amma matakai 3 gangarensu ya yi zurfi, ba sa komuwa, sai hanta ta zagaye su ta wasu enzayim na daban, ta biya ATP da ɗan'uwansa GTP har guda 6, alhali 2 kawai aka samu a saukowa. Ka ga dokar da aka ce rai ya saɓa mata ita ce ta zana fasalin tafarkin da kansa.

Game da yadda tafarkun suka samu, masana sun kawo ra'ayoyi. A 1945 Norman Horowitz ya ce ana gina tafarki ne daga ƙarshe zuwa farko: idan abin da halitta take ci ya ƙare a muhallinta, wadda ta iya ƙera shi daga makusancinsa ita take tsira, haka har jeri ya yi tsawo. A 1976 Roy Jensen ya ƙarfafa wani ra'ayin, cewa enzayim yakan iya ƙananan ayyuka bayan babban aikinsa, sai a ari wannan daga nan, wancan daga can, a haɗa sabon tafarki kamar rigar faci. Binciken ƙwayoyin gado na baya-bayan nan ya fi goyon bayan ra'ayi na biyu.

Akwai kuma abubuwan da aka gani da ido. A 1966, a Kalifoniya, Evans da Buchanan da Arnon suka gano wata bakteriya da take juya zagayen Krebs baya, maimakon ta fasa abinci ta fitar da iskar kabon, sai ta kama iskar ta gina jikinta. A 2018 wasu ayari biyu, ɗaya a Japan ɗaya a Jamus, suka nuna cewa wasu bakteriya masu son zafi suna yin wannan juyi da ainihin enzayim ɗin da littattafai suka daɗe suna cewa ba ya komawa baya. Bincike na 2021 ya nuna yawan iskar kabon a wurin yana daga cikin abin da ke tura shi. Ka tuna mun ce ΔG yana sauyawa da yawan kaya.

Nailan ba a ƙirƙiro shi ba sai a shekarun 1930, amma a 1975 aka samu bakteriya a ruwan dattin wata masana'anta a Japan tana cin ragowar sinadaransa. Sannan a 1988 Richard Lenski ya fara kiwon bakteriyar E. coli a kwalabe 12 a Amurka, kullum ana ɗiban kaɗan a zuba a sabon ruwa. Ruwan yana da gulukos kaɗan da sinadarin sitiret mai yawa, wanda wannan bakteriya ba ta iya shigar da shi cikinta idan akwai oksijin. Bayan zuriya kimanin 31,000, 'yan kwalba ɗaya suka fara cin sa, aka wallafa labarin a 2008. Da aka bincika, sai aka ga wata ƙwayar gado ce da take nan tun asali ta ninku, kwafinta ya faɗa kusa da makunnin da ke aiki a cikin oksijin. Adalci shi ne a faɗi ɓangarorin biyu: sauyi ne na gaske da aka gani, kuma da tsofaffin kaya aka yi shi. Abin lura kuma, makamashin yana nan a dukkan kwalabe 12, amma ɗaya ce ta kai gare shi. Sakakken makamashi yana buɗe ƙofa ne, ba ya tura kowa ciki.

Game da farkon al'amari, wato kafin a samu enzayim, akwai alamu. A shekarar 2000 aka gano wasu maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a ƙarƙashin tekun Atilantika masu fitar da iskar haidirojin, kuma an san haɗuwar haidirojin da iskar kabon zuwa sinadarin asitet gangare ne, wasu bakteriya da shi suke rayuwa har yau. A 2019 ayarin Joseph Moran a Faransa suka nuna cewa narkakken sinadarin ƙarfe a ruwan ɗumi, tare da ƙananan sinadarai biyu, yana samar da mafi yawan sinadaran zagayen Krebs ba tare da enzayim ba. Duk da haka, babu ɗakin gwajin da ya taɓa haɗa ƙwayar halitta mai rai daga sinadarai tsura, kuma yadda bayanan gado suka fara haɗuwa da waɗannan tafarku tambaya ce da masana suke saɓani a kanta. Wanda ya ce kimiyya ta gama warware asalin rai ya wuce gona da iri, kamar yadda wanda ya ce doka ta biyu ta haramta shi ya yi kuskure.

Abin da nake so mu ɗauka

Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111, ya rubuta littafi sukutum yana raddi ga masana falsafa, Tahafutul Falasifa. Amma a gabatarwarsa ya ware maganar husufin rana da na wata, ya yi gargaɗi cewa wanda ya ƙaryata bayanin da lissafi ya tabbatar, yana zaton addini yake karewa, to addinin yake cutarwa, domin masanin lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Abin da ya kusa faruwa da ɗalibina ke nan, sama da shekara 900 bayan wannan gargaɗi.

Imaninmu da cewa Allah ne Mahalicci bai rataya a kan cewa akwai wani gurbi da kimiyya ta kasa cikewa ba. Duk wanda ya gina imaninsa a kan gurbi, ranar da aka cike gurbin sai ya rasa madafa. Mun san yadda girgije yake haɗuwa, hakan bai hana mu roƙon ruwa ba, domin sanin sababi ba ya kore Mai sababin. Lissafin Gibbs yana faɗa maka abin da zai iya faruwa da wanda ba zai iya ba. Ba ya faɗa maka me ya sa aka samu dokar tun farko, ko me ake nufi da rayuwarka, kuma wanda ya ce lissafin ya kore Mahalicci shi ma ya ɗora masa kayan da ba nasa ba. Maganar halittar Annabi Adamu (AS) kuwa babi ne na daban da ya dogara da nassi, manyan malamai suke da ta cewa a kansa, kuma ba a warware shi da lissafin kilojul ta kowane ɓangare.

Don haka shawarata ga ƙannena da ke jami'o'i guda uku ce. Kada ka yaɗa hujjar kimiyya don kawai ta yi maka daɗi, sai ka duba ta a littafin fannin, kamar yadda ba ka karɓar hadisi sai ka san ingancinsa. Idan malaminka ya gyara maka, ka karɓa da ladabi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sannan ka koyi fannin da kyau, domin al'ummarmu tana bukatar likitoci da masu haɗa magunguna da suka fahimci waɗannan tafarku, ciwon sukari kansa matsala ce ta yadda jiki yake sarrafa gulukos.

Mu kuma malaman Islamiyya, nauyinmu ya fi. Yaro yana ɗaukar duk abin da ya fito daga bakinmu a mizani ɗaya, ba ya bambance aya da labarin da muka tsinta a ƙasida. Na ce wa ɗalibina, "Kuskuren nawa ne, ba na addininka ba, kuma ka koma ka gode wa malaminka." Ya yi murmushi, ya ce zai kawo mini littafinsu in ya dawo hutu. Na ce ina jira.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu, musamman masu nazarin fannin, don Allah ya gyara mini. Wallahu a'alam.